Kwana Goma Sha Tara

Ran Litinin ce, ran kasuwar Maradi.
Na ɗauko shadda yadi goma daga Sabon Gari,
kamyon siminti ya yi baya bai duba ba.
Ban ji karayar ƙashi ba, salatin mata na ji,
da wani ɗan kabu-kabu yana dukan ƙofar direba:
"Tsaya! Mutum ne!"

Ƙafar dama ce,
wadda ke taka keken ɗinki tun ina ɗan sha huɗu.

'Yan sanda suka auna kwalta, suka rubuta.
Likita ya dasa ƙarfe, ya buga hatimi a takarda.
Harira ta naɗe ta a leda,
ta ajiye cikin kwallar da ba a cin abinci a ciki.

Kwana uku sai ga mai motar har Bagalam,
da limamin unguwarsu, da buhun hatsi a baya.
"Nomau, ƙaddara ce.
Mu da ke tsayuwa sahu ɗaya,
me zai kai mu gaban alƙali?
Bari kaya su iso daga Kwatano, in share maka hawaye."
Na ce to.
Wa ke ja da magana a gaban rawani?

Kaya suka iso, suka ƙare.
Gulbi ya cika, ya janye, aka dasa taba a gurbinsa.
Damina ta biyu aka ce Alhaji yana Makka.
Ta uku yaronsa ya miƙo min jikka biyar ta taga,
bai ko kashe injin mota ba.
Ta huɗu na sayar da keken,
na kau da kai lokacin da ake ɗora shi a amalanke.

Ni da ciwo nake lissafi, ba da kalanda ba.
Ciwo bai san sunan wata ba.
In hadari ya taso daga gabas
ƙarfen ke fara gaya min, kafin iska, kafin kowa.

Zuwaira ce, autata, 'yar lakwal,
ta buɗe kwalla tana neman allura,
ta karanta, ta yi shiru, ta ce:
"Baba, irin wannan magana tana da wa'adi."

Na sa rigar Juma'a ran Talata.
Na hau matakalar kotu ɗaya bayan ɗaya,
sanda na gaba, ina bin ta.
Magatakarda yaro ne, bai kai ɗan farina ba.
Ya duba hatimi, ya duba bango,
ya ƙirga da yatsu, ya sake ƙirgawa
kamar mai fatan ya yi kuskure.

"Akwai takardar da ya sa wa hannu?"
Na ce baki ne, a gaban liman.
"Limamin fa?"
Na ce bara muka kai shi makwanci.
Ya ce, "Baba, shekara biyar doka ta ba ka.
Sun cika kwana goma sha tara da suka wuce."

Goma sha tara.
Ko ƙwan kaza bai isa ƙyanƙyasa ba.
Na taɓa riƙe rigar mutum fiye da haka
don kawai zaren da ya dace bai samu ba.

Ashe haƙuri ma abu ne mai tsami in ya kwana.
Ashe duk lokacin da nake jira,
akwai wanda ke ƙirgawa.

Ran Juma'a muka haɗu a bakin masallaci.
Ya kama hannuna da hannu biyu:
"Malam Nomau, ya ƙafa?"
Na ce da sauƙi.
Bakina ya saba, ya riga ni.

Yanzu maɓalli nake ɗinkawa da hannu
a inuwar shagon wanda na koya wa yanka.
Harira ta mayar da takardar cikin kwalla,
ban tambaye ta dalili ba.

Ga hadari can ya haɗu wajen Jiratawa.
Ƙarfen ya fara magana.
Shi ba wanda ya gaya masa
cewa lokaci ya ƙure.